Amsoshin Tambayoyinku: Shaƙatawa a Gandun Dajin Gashaka-Gumti

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filinku na amsoshin tambayoyinku. Tun da muka ambaci gandun dajin Gashaka-Gumti a shirin da ya gabata saƙonni ke ta shigowa, to yau mun samo muku wanda ya san wurin ciki da bai, dattijo ne da ya daɗe yana aikin gadin daji a can kafin ya yi ritaya. Baba barka da zuwa.

Baƙo: Barka kadai ɗana, ina gaida masu sauraro.

Mai gabatarwa: Lokaci ba ya jira, bari mu fara. Wani bawan Allah daga Zariya yana cewa shi fa bai taɓa jin sunan ba, wai a Najeriya yake ko a Kamaru? A Najeriya yake malam, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har ya jingina da iyakar Kamaru, a 1991 aka mai da shi gandun daji na ƙasa, kuma duk ƙasar nan babu wanda ya kai shi girma, ya haura murabba'in kilomita 6,000. Babban ofishinsu yana Serti. Ka ga abu mafi girma ne amma shi ne ba a sani ba, wannan kam abin yana damuna wallahi.

Sai wata baiwar Allah daga Kano, ta ce ita ta je Yankari ta yi wanka a Wikki, shin can ma haka yake? A'a Hajiya, ki cire Yankari a ranki. Yankari a mota ake zagayawa da ke, nan kuma yawancin abin da ƙafa ake yi, duwatsu ne da koguna da kurmi, in giwa kike son gani to ki koma Bauci.

Yanzu ga wadda ta fi yawa, daga Gombe, daga Yola, daga Kaduna, har da wani daga Maraɗi, kowa da irin lafazinsa amma tambayar ɗaya ce: mutum zai iya ɗaukar iyalinsa, mata da yara, su je su shimfiɗa tabarma su ci abinci su sha iska su dawo lafiya, ko kuwa wurin na ƙarfafan samari ne kawai? Baba wannan taka ce.

Baƙo: To ɗana, za a iya mana, amma da sharaɗi. Na farko lokaci. Kar wanda ya ɗauki iyali ya nufi can da damina, ruwan can ba irin na Kano ko Katsina ba ne, yana farawa da wuri kuma yana daɗewa, koguna su cika su batse, rafin da ka tsallaka da safe iya idon sawu, da yamma sai ya hana ka komawa. Daga Disamba zuwa Maris, nan ne lokacin, ciyawa ta kwanta, ruwa ya ja baya, yashi ya fito a bakin kogi fari tas. Ni da a ce ni ne zan zaɓa, Janairu, don akwai sanyi-sanyi tafiya ba ta gajiyar da mutum. Lokacin da muke aiki akwai ranar da za mu fita tun asuba, hazo ya rufe dutse ba ka ganin komai sai kukan tsuntsaye, ai tsuntsayen wurin nan ɗana ɗaruruwa ne, Turawa suna zuwa takanas saboda su, mutum ya wuni da tabarau mai hangen nesa yana rubutawa a littafi...

Mai gabatarwa: Baba mu dawo kan iyalin. Disamba zuwa Maris, kun ji ko? Disamba zuwa Maris. Sai na biyu.

Baƙo: Na biyu hanya. Daga Jalingo za ka bi ta Bali ka sauka Serti, hanyar da ke wucewa Gembu kan tsaunin Mambila ke nan. A tashi da sassafe, a yi tafiyar da rana, kar a yarda dare ya riski mutum da iyali a hanya. Kuma kafin ka baro gida ka nemi ofishin gandun ka tambaye su yadda hanya take da yadda lafiyar wurin take a wannan makon, su ne a wurin, su suka sani. Daga Serti zuwa ciki kuma ba kwalta ba ce, mota mai tsayi ake so irin su Hilux, ƙaramar mota za ta wahala.

Na uku, kuma shi ne babba, ba a shiga dajin nan sai da ma'aikaci. Ka je ofis, ka yi rajista, ka biya abin da ake biya, su haɗa ka da mai rakiya. Shi ya san inda za ka shimfiɗa tabarmarka. Bakin kogin Kam, Mayo Kam kamar yadda mutanen wurin ke cewa, akwai wurare masu inuwa da yashi mai laushi da ruwa garau kana hango kifi a ƙasa, yara su yi wasa ku ci abincinku ku yi sallah hankali kwance, amma a wannan kogin dai akwai gurbin dorina kuma akwai kada. Kai baƙo duk ruwan iri ɗaya ne a idonka. Dorina da rana tana cikin ruwa sai kunnuwa da hanci kawai za ka gani, da dare take fitowa kiwo, kuma tana da hanyarta da take bi, duk wanda ya shiga tsakaninta da ruwa ya shiga uku. Mai rakiya yana ganin sawunta a yashi zai ce maka a matsa gaba.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wannan shi ne zuciyar maganar. Iyali za su iya zuwa, amma da rani, tafiyar rana, a tuntuɓi ofis kafin a tashi, sannan kar a taka ko ina sai da mai rakiya. Kar a taka ko ina sai da mai rakiya. Ni ra'ayina, masu ƙananan yara ku tsaya iya bakin kogi da 'yar gajeriyar tafiya ta safe, ya ishe ku, ba dole sai an kutsa kurmi da goyo ba. Baba me za su riƙe?

Baƙo: Abincinku da ruwan shanku a kula, gidan sauro, tocila, takalmi sau-ciki ba silifas ba, riga mai dogon hannu saboda tsando. Kuma tsando yana son baƙin kaya da shuɗi, a sa masu haske.

Mai gabatarwa: Wannan ta ƙarshen a riƙe ta da kyau. To ga wasu samari 'yan makaranta daga Jos, sun ce suna so su hau Chappal Waddi ranar Asabar su dawo Lahadi don Litinin suna da lacca. Kai samari, Allah ya shirye ku! Dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya fa kuke magana, mita 2,419, tafiyar kwanaki ce da ƙafa, da tanti da 'yan dako da bargo don sanyin saman ba wasa ba ne. Ku bari sai an yi hutu, niyyarku mai kyau ce kar ku fasa.

Wani yaro ɗan firamare, mahaifiyarsa ce ta rubuto masa, yana tambaya wai zai ga zaki? Baba.

Baƙo: Allah sarki yaro. Ai abin da ya fi shahara a dajin nan biri mai ganga ne, babban birin nan baƙi mara wutsiya. Yana samun gindin babbar bishiya mai faffaɗar saiwa ya dinga duka da hannu da ƙafa, kana nesa za ka ji dum dum dum cikin kurmi, in ba ka sani ba ka rantse mutane ne ke kiɗa. Kullum da yamma sai ya lanƙwasa rassa a saman bishiya ya yi shimfiɗa ya kwana, gobe kuma ya yi sabuwa, kuma yana gyara tsinke ya zura a rami ya ciro zuma. Ganinsa sai mai sa'a don yana gudun mutum, amma shimfiɗarsa za a nuna maka. Akwai ɓauna, akwai gwanki, akwai mugun dawa, ga birai kala-kala har da wani mai baƙi da fari jelarsa doguwa.

Mai gabatarwa: Wato dai yarona kar ka sa rai da zaki, amma ka ji abin da ke jiranka. Ga wani malamin makaranta daga Mubi yana tambaya ko akwai abin tarihi da zai nuna wa ɗalibai.

Baƙo: Akwai, a saman tudu kusa da ƙauyen Gashaka akwai kufan sansanin Jamusawa, don yankin nan da can ƙarƙashin Jamus yake tare da Kamaru, bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, sai a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama mutane suka zaɓi Najeriya, shi ne aka sa wa lardin sunan Sardauna. Har Mubin da yake ai duk labarinsu ɗaya.

Mai gabatarwa: Malam ka ji, darasi ma ka samu. Kafin mu tashi ina da ɗan faɗa. Mu mutanenmu in muka je shaƙatawa sai mu tashi mu bar leda da robar lemo da ƙashin kaza a wurin, haba jama'a, kogunan nan fa su ne ke gangarawa Binuwai mutane na sha. Ku riƙe buhu ku kwashe shararku ku fito da ita. Kar a ba birai abinci, in suka saba sai su fara ƙwace, kuma duk wanda ya hura wuta don shayi ya kashe ta da ruwa ya tabbatar ta mutu, lokacin hunturu ne ciyawa a bushe take.

Mai tambaya daga Bali ko zai iya zuwa da bindigarsa ta farauta, a'a, haramun ne a dokar gandun kuma kama ka za a yi. Mai tambayar sabis ɗin waya, kar ka dogara da shi in ka shiga ciki, ka sanar da gida tun kana Serti. Ana ta ɗaga min hannu lokaci ya cika, sauran saƙonnin sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Baba mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya.

Baƙo: Amin ɗana, ni ma na gode.