Daga Rotterdam: Me Ya Sa Na Kwashe Kalmomin Sirrina Daga Burauza

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau daga ɗaki zan yi magana, don iskar da ake yi a Rotterdam ba za ta bari ku ji ni a waje ba. Zancenmu na kalmomin sirri ne: a bar su a cikin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, ko a nemo musu manhaja tasu daban. Ni na zaɓi na biyun.

Duk wanda ke zaune a Holan ya san yawan wuraren da ba ya shiga sai da kalmar sirri. Ga DigiD, wanda da shi ake shiga shafin haraji, da na inshorar lafiya, da na IND inda ake bin maganar takardar zama. Ga banki, ga wurin aiki. Sannan ga na gida da muka taho da su: manhajar banki, manhajar aika kuɗi, da imel ɗin da aka buɗe tun ana makaranta. Babu kan da zai riƙe waɗannan duka.

Gaskiya ba ina cewa na burauza ba shi da amfani ba ne. Chrome yana ƙirƙiro maka kalma mai ƙarfi, ya adana, har ya gargaɗe ka idan ta fita hannun ɓarayi. Apple ma ya fitar da manhajar Passwords a 2024 tare da iOS 18. Idan kai mutumin da ke sa sunan ɗansa da shekarar haihuwa a ko'ina ne, don Allah ka koma na burauzar tun yau, ya fi maka sau dubu.

Abin da ya dame ni shi ne komai yana rataye a wuyan asusu ɗaya. Kalmomin da ka ajiye a Chrome suna ƙarƙashin asusunka na Google. To wace lamba ka bayar lokacin da ka buɗe asusun? Da yawanmu layin Najeriya ne ko na Nijar. Ka zo Turai, ka cire layin ka jefa a aljihun akwati, shekara ta zagayo. Layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba, kamfanin waya kan karɓe shi ya sayar wa wani. Ran da wayarka ta faɗi a jirgin ƙasa, ka sayi sabuwa, aka ce an tura lambar tabbatarwa zuwa tsohon layinka, shi ke nan, ka tsaya. Ba imel kaɗai ka rasa ba, har da abin da za ka buɗe sauran wuraren da shi. Kamar ka tara makullan shagunanka ne a ɗaki ɗaya, makullin ɗakin kuma yana hannun wanda ba ka taɓa gani ba.

Sai maganar ɓarayin intanet. Akwai mugayen manhajoji da aka ƙera don abu ɗaya tak: su shiga kwamfuta su kwashe abin da burauza ta adana. A watan Oktoba na 2024, 'yan sandan ƙasar nan tare da na wasu ƙasashe suka rushe cibiyar biyu daga cikinsu, RedLine da META, a samamen da suka kira Operation Magnus. A watan Mayu na 2025 kuma Microsoft ya ce wata mai suna Lumma ta kama kwamfutocin Windows fiye da 394,000 a cikin wata biyu kacal. Ta ina suke shigowa? Sau da yawa ta manhajar sata, irin wadda ake cewa "sauke kyauta, ba sai ka biya ba". Mun san halinmu a nan. Google ya ƙara wa Chrome tsaro a Windows a 2024, amma har yanzu burauza ce wurin farko da ɓarawo ke leƙawa. Manhaja ta daban tana da nata makulli, tana kuma rufe kanta idan ka tashi. Ba na ce sihiri ba ce. Idan ɓarawo ya riga ya zauna a kwamfutarka kana buɗe ta, ita ma ba ta tsira ba.

Na san wani zai ce, to LastPass fa? Haka ne. Shi ma kamfanin manhajar adana kalmomin sirri ne, kuma a 2022 an yi masa kutse, aka kwafe rumbunan masu amfani da shi. Kalmomin da ke ciki a kulle suke, sai dai ƙarfin kullin ya dogara ne da babbar kalmar sirrin da mai rumbun ya zaɓa. Wanda ya sa gajeriya shi ya shiga uku. Don haka ita wannan babbar, ka haɗa kalmomi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna. Ban da karin magana, ban da baitin waƙar da kowa ya haddace.

Wacce za ka ɗauka? Bitwarden nake amfani da ita, don tsarinta na kyauta ya wadatar, tana aiki a Android da iPhone da kowace burauza, kuma a buɗe lambobin ƙirarta suke, masana na dubawa. 1Password ta Kanada ce, ana biya. Proton Pass ta Suwizalan ce, ta fito a 2023. Wanda bai yarda ya ajiye komai a hannun kamfani ba, akwai KeePass da wani Bajamushe, Dominik Reichl, ya fara a 2003. Fayil ne kawai a kwamfutarka, sai dai in ya ɓata babu wanda za ka kai wa kuka.

Akwai kuma abin da ba mu son tunawa. Rai na Allah ne, mu kuma muna nesa da dangi. A Bitwarden ta biya za ka iya naɗa wanda ka amince da shi, matarka ko ƙaninka, ka sa adadin kwanakin jira. Idan ya nemi shiga, kwanakin suka cika ba ka hana ba, sai a buɗe masa. Wannan ya fi tura kalmar sirrin banki ta WhatsApp nesa ba kusa ba.

Ƙaurar ba ta da wuya. Ka shiga saitin Chrome ka fitar da kalmomin, za su fito a fayil ɗin CSV, ka shigar da shi sabuwar manhajar. A kula sosai: wannan fayil a buɗe yake, duk wanda ya same shi zai karanta komai. Da ka gama ka goge shi, ka bi shi kwandon shara ka sake gogewa. Sai ka share na cikin burauzar, ka kashe saitin da ke tambayar ko ta adana maka. Ka kunna tabbatarwa ta mataki biyu da manhaja, kar ka dogara da saƙon tes. Babbar kalmar da lambar ceto (wadda ake ba ka don shiga idan ka rasa wayarka) kuwa, ka rubuta su a takarda ka ajiye inda kake ajiye fasfo, don idan ka manta kamfanin ba shi da hanyar dawo maka da ita.

Bari in juya kyamara zuwa kwamfuta, ku ga inda ake dannawa.