Jauro ya sa hannu, an buga hatimi: filin ya zama naka ke nan?

[Allon waya, saƙon murya yana tafiya]

Assalamu alaikum jama'a. Saƙon muryar nan da ke yawo a WhatsApp a arewacin Kamaru, daga Marwa har Ngaundere, na san ya iso wayoyinku. Mai maganar yana rantsuwa cewa duk filin da ba shi da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta hukuma, na gwamnati ne, in ta ga dama gobe ta zo ta kwashe. Sai wani bawan Allah ya mayar masa da amsa, ya ɗaga takarda mai hatimi biyu, ya ce shi kam barcinsa yake har da minshari, jauro, wato sarkin ƙauye, ya sa hannu, lawan da ke sama da shi ma ya sa hannu. Kowannensu ya kama gefen gaskiya ya saki gefe. Amma na biyun ne ya hana ni sukuni, don shi ne mai zuba kuɗinsa a ƙasa.

[Taswirar Kamaru, sannan shafin farko na dokar]

Bari mu bi tushen da sauri. Tun 1896 Jamusawa suka kafa dokar cewa filin da suka ga babu kowa a kai na sarkinsu ne, tun ma kafin sojojinsu su iso Garwa da Marwa. Faransawa suka zo suka ɗora a kan wannan. Dokar da muke kai yau ita ce mai lamba 74-1, ta ranar 6 ga Yuli 1974, zamanin Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa. Sashenta na farko ya ce gwamnati ce mai tsaron filayen ƙasar nan baki ɗaya.

Ta kasa filaye gida uku. Akwai wanda aka yi wa rajista da sunan wani, yana da titir. Akwai na gwamnati kanta, har da hanyoyi da koguna irin Binuwai, waɗanda ba a sayar da su, ba a mallake su komai daɗewar mutum a wurin. Sai ragowar, wanda shi ne mafi yawa nesa ba kusa ba: gonakinmu, gidajen ƙauye, makiyaya, unguwannin bayan gari. Shi ake kira domen nasiyonal. Gwamnati ce ke gudanar da shi, amma doka ta ce wanda ke zaune a kai ko yake nomawa ya ci gaba da zamansa da nomansa. To mai saƙon farko, kwantar da hankalinka. Ba a ce ka tashi ba.

[Kalanda, an zagaye rana ɗaya da jan biro]

Ku riƙe ranar nan: 5 ga Agusta 1974. In zama a filin ko nomansa ya riga wannan rana, ɗan Kamaru yana da damar neman titir kai tsaye. In bayan ranar aka shiga filin, hanya dabam ce, sai an nemi gwamnati ta ba ka na wucin gadi, ka raya shi cikin wa'adin da bai wuce shekara 5 ba, sannan a tabbatar maka. Ƙasa da hekta 50 minista ke sa hannu, abin da ya haura nan sai shugaban ƙasa.

Yanzu mu zauna, mun iso inda ake tuntuɓe.

[Kusa-kusa: takardar ciniki, rubutun hannu, dangwalen yatsa huɗu, hatimin shuɗin tawada]

Ku dubi takardar nan da kyau. An yago ta daga littafin makaranta, ga layukan nan. Sunan mai sayarwa, sunan mai saye, kuɗi, iyaka: gabas bishiyar tsamiya, yamma gonar wane, kudu kwari. Ga dangwalen shaidu. Ga hatimin jauro a ƙasa, tawadar ta ɗan malale. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinta. An yi cinikin, an ba da kuɗin, an yi addu'a, an raba goro.

Amma sashe na 8 na waccan dokar ya faɗi abu biyu. Na ɗaya, cinikin fili sai a gaban notar, wato masanin doka da hukuma ta naɗa don rubuta yarjejeniya da tabbatar da ita, in ba haka ba bai ƙullu ba. Na biyu, kuma shi ne mai zafin, sayar da filin da ba a yi wa rajista da sunan mai sayarwa ba, ko ba da hayarsa, ɓatacce ne tun daga tushe. Har hukuncin tara da ɗauri dokar ta tanada a kai. Ma'ana, matsalar ba a hatimin jauro take ba. Ko hatimi goma aka jera, mai sayarwan ne a idon doka ba shi da abin da zai miƙa maka. Yana da haƙƙin zama da noma, ba shi da mallakar da ake sayarwa.

Na san abin da wani Alhaji yake faɗa yanzu yana kallon wayarsa: to ai gonar ubansa ce, kowa a garin ya sani. Gaskiya ne Alhaji, kowa ya sani. Kuma wannan sanin da kowa ya yi yana da wurin da yake aiki, yanzu za mu je wurin. Sai dai ba a wurin ciniki ba.

Ɗauki babur. Ka saya a kasuwa, mai shi ya rubuta maka rasit, abokai sun shaida. In jandarma ya tsayar da kai a hanyar Gidar, kart giriz, wato takardar rajistar babur, zai tambaya. Rasit ɗin yana nuna ka biya kuɗi, ɗayar takardar ce ke nuna hukuma ta rubuta sunanka a littafinta.

[Fadar lamido, dogarai, sannan zauren jauro]

Kada wani ya ɗauka ana rage wa sarakuna daraja. Dokar 15 ga Yuli 1977 ta tsara sarautun gargajiya mataki uku, a nan arewa galibi lamido ne a sama, sai lawan, sai jauro. Ta sanya su mataimakan hukuma, ta ba su sulhunta jama'arsu. Rigingimu nawa ne suka mutu a zaure ba su taɓa ganin ƙofar kotu ba? Allah ya ja zamaninsu. Abin da ba a damƙa musu ba shi ne littafin mallakar filaye. Wannan yana hannun ma'aikatar filaye, kuma tun gyaran da aka yi a watan Disamba 2005 ana riƙe shi a matakin depatama, wato gunduma, ba sai takarda ta je Yawunde ba.

To ina sa hannun jauro yake da nauyi? Ga wurin.

[Mota ta tsaya a bakin gona, mutane suna saukowa, mai awo yana kafa na'urarsa]

Idan ka kai takardar neman titir ofishin sufirefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin yankinku, za a ba ka rasit, a yi sanarwa, a sa rana. Ranar nan kwamiti zai zo filin da ƙafarsa. Sufirefe ne shugaba, akwai ma'aikacin filaye, akwai na kadastir, wato ofishin awon filaye. Kuma doka ta ce dole a cikin kwamitin a samu sarkin wurin da dattawansa biyu. Tambayar da aka zo yi ita ce: wa ke kan filin nan, tun yaushe, me ya yi a kai? Sufirefe baƙo ne, bara aka kawo shi, baɗi a ɗauke shi. Jauro ne ya san wanda ya sare dajin, ya san wanda aka ara wa gona shekarar fari bai mayar ba, ya san inda tsamiyar take kafin iska ta kayar da ita. A nan maganarsa take yanka. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya ne, amma sa hannunsa a takardar ciniki shaida ce kawai cewa kuɗi sun fita, sa hannunsa a rahoton kwamiti kuwa tsani ne zuwa titir.

Abin da ke burge ni shi ne wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malamanmu suna karantar da hadisin da ke cewa wanda ya raya mataccen fili nasa ne, kuma a mazhabar Malikiyya filin da ke kusa da gari sai da izinin shugaba. Rayawa da izini. Kwamitin ma abin da ya zo dubawa ke nan.

Sai dai ina da ƙorafi a nan, kuma zan faɗa. Doka tana neman alamar da ido zai gani. Mai gini yana da bango, mai lambu yana da mangwaro. Mai karal fa, wato gonar laka da ruwa ke kwanciya a kai, wanda ke dasa muskuwari, dawar rani, bayan damina? A zo masa a watan Agusta, ruwa ne kwance da ciyawa. Makiyayi fa? Dokar ta ambaci makiyaya da burtali, amma saniya ba ta barin tubali a bayanta. Irin waɗannan su suka fi buƙatar jauro mai tsoron Allah ranar da kwamiti ya zo.

[Ana kafa turakun siminti, maƙwabta suna kallo]

Sauran matakan da gudu. Mai awo na kadastir, wanda ya yi rantsuwa, shi ke kafa turakun siminti a gaban maƙwabta. A buga sanarwa a mujallar filaye. A jira kwana 30, mai ja ya zo ya ja. In shiru, a rubuta titir.

Kwana 30 ɗin nan, 'yan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Titir in ya fita, doka ta ce tabbatacce ne. Wanda aka cuta ta hanyar yaudara, abin da ya rage masa shi ne ya bi mayaudarin ya biya shi diyya. Akwai hanyar soke titir, in hukuma ce ta yi kuskure, ko an ba da biyu a fili ɗaya, ta hannun minista ko kotun da ke shari'a tsakanin mutum da hukuma, akwai ta a Garwa, Marwa da Ngaundere. Amma doguwar hanya ce mai cin takalmi. In ka ga ana kafa turaku a gefen gonarka, ajiye fartanya ka je ka tambaya.

Hajiya, ke ma ki saurara. In gonar gado ce, a tabbata sunan kowane magaji ya shiga takardar. Idan aka rubuta sunan Yaya shi kaɗai don shi ne babba, littafin hukuma shi kaɗai ya sani. Yau kuna shiri. 'Ya'yanku fa?

[Fuskar mai magana]

A nan ba ni da hoton da zan nuna muku, sai magana. Me ya sa gwamnati ta nace sai littafi ɗaya? Don jauro mutum ne, yana rasuwa, wanda ya gaje shi bai halarci cinikin ba. Don fili ɗaya a bayan gari ana iya sayar wa mutum uku, kowanne da takardarsa mai hatimi, kuma dukansu suna da gaskiya cewa sun biya. Dole a samu wuri guda da za a buɗe a ga suna guda. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma wanda ya ce sai an zo littafinsa, wajibi ne ya kawo littafin kusa. Manomin da zai biya kuɗin mota zuwa babban gari, ya biya awo, ya ɗauki nauyin zuwan kwamiti, ba taurin kai ne ya tsayar da shi a zauren jauro ba, aljihu ne. Kuma ranar da aikin hanya ya biyo ta kansa, mai titir za a biya shi ƙasar, marar titir galibi abin da ya gina ko ya shuka kawai za a ƙiyasta.

[Takardar farko kuma, a hannun mai ita]

Wanda ya riga ya saya da takardar jauro, kada ka yaga ta, kada ka bar ta a ƙarƙashin katifa gara ta ci. Tana nuna ranar da ka shiga da wanda ya shigar da kai. Hanya biyu ce a gabanka. In mai sayarwan na cikin waɗanda zamansu ya riga 1974, ku lallaɓa shi tun yana raye ya nemi titir, sannan ku je gaban notar a yanke maka naka da sunanka. In ba haka ba, ka nemi gwamnati ta ba ka filin ta hanyar wucin gadin nan, ginin da ka yi ya zama hujjarka.

Wanda kuma bai saya ba tukuna, ka tambayi lambar titir kafin ka tambayi farashi. Ka ɗauki lambar ka je ofishin ajiyar littafin filaye na depatamarku, ka nemi takardar shaidar mallaka, ka ga ko sunan da ke ciki shi ne na mutumin da ke miƙo maka hannu, kuma ko banki bai riƙe filin jingina ba.