Ƙwaron da ake yi wa kallon uban sauro

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena da ƙannena ɗalibai, ga kwalba nan tana zagayawa, kowa ya duba da kyau kafin ya miƙa wa na kusa da shi. Daren jiya na kama wannan ƙwaro a jikin bangon zaurenmu a nan cikin birnin Katsina, daidai ƙarƙashin ƙwan lantarki. Yaron gidanmu har ya ɗaga takalmi, wai uban sauro ne, mai kawo zazzaɓi mafi tsanani.

To, wannan ba sauro ba ne, kuma ba ya cizo. Turawa sun sa masa sunan gauraka saboda dogayen ƙafafunsa, masana kuma suna kiran danginsa Tifulida. Abin da nake so ku fita da shi yau shi ne yadda za ku rarrabe su da idonku.

Ku fara da baki. Macen sauro tana da tsinke dogo siriri da take huda fata da shi. Wannan kuwa bakinsa gajere ne mai taushi, abin da yake iya yi shi ne lasar raɓa ko ruwan fure, wasu ma ba sa cin komai a 'yan kwanakin da suke yi da fiffike. Sai ku dubi doron bayansa, tsakanin fikafikan biyu. Akwai wata tsaga kamar harafin V, ita ce shaidar da masana suka fi dogara da ita. Bayan fikafikan za ku ga wasu 'yan sanduna biyu masu kan ashana, da su yake daidaita tashinsa. Malama, kin gansu? Madalla. Ƙafafun kuma saurin tsinkewa gare su. Na kwalbar nan biyar suka rage masa, ni na karya ta shida wajen kamu, kuma abin bai yi mini daɗi ba.

Yawansu shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. An rubuta nau'i sama da 15,000 a duniya, kuma mutum ɗaya, Charles Alexander na Amurka, wanda ya rasu a 1981, shi ya bayyana fiye da 10,000 daga ciki. Wasu ƙanana ne kamar sauro, suna naɗe fikafikai a baya idan sun sauka. Manyan sukan baza nasu. A ƙasashen sanyi har akwai marasa fiffike da ke tafiya a kan ƙanƙara.

Tsutsarsu tana zama a ƙasa mai laima da ruɓaɓɓen ganye, shi ya sa kuke ganin su da damina, musamman kusa da fadama. Yawanci ruɓaɓɓen abu take ci, ko da yake ta wasu nau'o'in tana cin saiwar ciyawa.

Wanda kwalbar ke hannunsa ya duba ƙarshen cikin ƙwaron ya faɗa mana: idan mai tsini ne mace ce, da shi take saka ƙwai a ƙasa, idan dunƙulalle ne namiji ne.