Mutumin da Ke Reto a Hannun Agogo: Yadda Aka Ɗauki Hoton

Wani guntun bidiyo na wani mutum mai tabarau da malafa, yana reto a hannun wani ƙaton agogo, motoci na wucewa can ƙasa kamar tururuwa, ya sake karaɗe kafofin sada zumunta, kuma masu kallo sun rabu gida biyu. Wasu na cewa haɗin kwamfuta ne, wasu kuma sun dage cewa mutumin ya hau dogon bene ne babu wata kariya a ƙarƙashinsa. Duk ɓangarorin biyu sun kauce wa gaskiya.

Sunan fim ɗin Safety Last!, ya fito a Amurka a shekarar 1923, zamanin da fina-finai ba su da sauti, jaruminsa kuma shi ne Harold Lloyd. Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Saurayi ne ya bar garinsu ya tafi birni neman arziki, ya ƙare yana sayar da yadi a wani babban kanti, amma yana rubuta wa budurwarsa cewa ya zama babban mutum. Da ta zo ba zato, kuma ya ji manaja ya yi alkawarin dala 1,000 ga duk wanda ya tara wa kantin jama'a, sai ya shirya da abokinsa, gwanin hawan gini, ya hau benen mai hawa 12. Ranar da za a yi, ɗan sanda ya sa abokin a gaba, dole saurayin ya fara hawan da kansa, da sharaɗin za a karɓe shi a hawa na gaba. A kowane hawa abokin yakan leƙo ta taga ya ce ya ƙara ɗaya.

Yanzu mu tsaya a kan hoton da yake reto a hannun agogon benen, domin a nan ruɗanin yake. Titin da kuke gani a ƙasa na gaske ne, titin Broadway ne a birnin Los Angeles, motocin da mutanen duk na gaske ne, nisan ma na gaske ne. Bangon da Lloyd ya manne a jikinsa shi ne na bogi. An je saman rufin wani dogon gini aka kafa bango na wucin gadi mai tagogi da agogo, kusa da bakin rufin, sannan aka gina wa kyamara wani dandamali a gefe, aka ɗaga ta sama tana kallon ƙasa a karkace. Daga wannan kusurwa, rufin da ke ƙarƙashin ƙafafunsa ya faɗa wajen hoto, abin da ya rage a ciki shi ne bangon bogi a gefe guda da titin gaske a ɗaya gefen, ido kuma sai ya haɗa su ya ɗauka gini ɗaya ne tun daga ƙasa. Da zai saki hannu, a kan dandamali mai katifu zai faɗi, ba a kan kwalta ba. Babu hoton da aka liƙa a kan wani. Duk abin da kuke gani ya shiga kyamara a lokaci guda.

Ga shaidar da kowa zai iya gani da idonsa. Ku lura da gine-ginen da ke bayansa a farkon hawan, sannan ku dube su da ya ƙara nisa. Sun canza, domin an yi ta ɗauke bangon ana kai shi rufin wani ginin da ya fi tsawo. Hotunan da aka ɗauko daga nesa kuwa, inda ake ganin mutum yana bin bangon gini na ainihi, aikin Bill Strother ne, wanda ya fito a matsayin abokin, kuma sana'arsa ke nan tun kafin fim; ganinsa yana hawan wani bene a birnin ne ma ya sa wa Lloyd tunanin labarin.

Kada wannan bayani ya sa a raina aikin. Katifun suna dab da bakin rufi ne, a saman bene mai hawa da yawa. Sannan ku dubi hannunsa na dama. A shekarar 1919 wani bom da aka zaci na wasa ne ya fashe masa a hannu wajen ɗaukar hoto, ya rasa babban yatsa da manuniya. Safar hannu ce ta musamman ta rufe wurin, kuma da yatsu takwas yake riƙe da wannan agogo.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka jera masifun, kowane hawa da tasa. Tattabaru sun sauka a kansa, raga ta naɗe shi, fuskar agogo ta ɓalle, ɓera ya shige masa ƙafar wando har ya kama tsalle a bakin gini, jama'a a ƙasa na tafi suna zaton rawa yake yi. Dariya da faɗuwar gaba suna zuwa wa mai kallo tare, kuma a ganina hakan ya yiwu ne saboda Lloyd bai fito a matsayin gwani ba, ya fito ne a matsayin ma'aikacin kanti mai jin tsoro wanda kunya ta hana shi sauka.

Tun shekarar 2019 haƙƙin mallakar fim ɗin ya ƙare a Amurka, don haka ana samunsa cikakke a intanet. Tsawonsa awa ɗaya ne da 'yan mintuna, kuma hawan benen ya cinye kusan minti 20 na ƙarshe.