Wuta ta mutu, hayaƙi bai tafi ba

An rubuto wannan daga rikodin laccar da wani tsohon ma'aikacin kwana-kwana ya gabatar a wata Islamiyya da ke Mabera, cikin garin Sakkwato, a farkon hunturu.

Assalamu alaikum. Malamai, iyayena maza da mata, ƙannena ɗalibai, sannunku da zama cikin wannan sanyi.

Bari in fara da wani gida da na shiga da asuba, shekarun baya. A falo wutar ta tashi, ta ci kujeru da labule, maƙwabta suka kashe ta da bokitai kafin motarmu ta iso. Ɗakin baya kuwa ko harshen wuta bai leƙa shi ba. Amma da na haska tocila sai na ga bango ya rabu biyu kamar an ja zare: daga silin zuwa ƙuguna baƙi ƙirin, daga nan zuwa ƙasa fenti na nan fes. Tsohuwar gidan tana bisa dogon gadonta, ko gefen zaninta bai ƙone ba, amma rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙanta. Jikarta da ke kwance a tabarma ta rayu. Har yau ina ganin layin nan a idona.

Jama'a, akasarin waɗanda gobarar gida ke kashewa ba ƙuna ke kashe su ba, hayaƙi ne. Yana da zafi, shi ya sa yake hawa sama, ya taru ƙarƙashin silin, sannan ya riƙa saukowa. A cikinsa akwai iskar da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Yadda jini ke kama ta ya ninka yadda yake kama iskar oksijin fiye da sau 200. Mai barci ba ta tashe shi, ƙara nutsar da shi take yi. Wanda ke farke kuma sai ciwon kai da jiri, ya ruɗe, ƙofar ɗakinsa ta ɓace masa.

Kuma hayaƙin yau ba irin na gidan kakanninmu ba ne. Da azara ce da kara da katifar rimi. Yanzu katifar soso ce, kujerun soso, leda, silin roba. Soso in ya kama yana fitar da gubar sayanaid, ga hayaƙi mai kauri wanda ko tafin hannunka ba ka gani.

Mafarin wutar duk kun san shi. Kasko da gawayi a ɗaki an rufe ƙofa da taga. Hita a bokitin roba, aka ɗauke wuta, aka manta, aka maido ta tsakar dare. Turaren wuta kusa da labule, maganin sauro na kunnawa gefen katifa, jarkar fetur a bayan ƙofa, janareta a zaure. Ga iskar hunturu ta busar da komai. Ba wanda ya manta gobarar babbar kasuwarmu a Janairun 2021. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

In ta faru, Allah ya kiyaye, ku duƙa ku yi rarrafe, iska mai kyau a ƙasa take. Ku ja ƙofar ɗakin da ke ci ku rufe. A kira 112 tun da wuri. Mai in ya kama a tukunya, iyayena mata, murfi ake sa masa, ruwa watsa shi yake yi. Kuma don Allah wanda ya fito kada ya koma ɗauko takardu.

To, abin da ya fi damuna shi ne bayan an kashe. Mutane sun yi jaje sun watse, maigida ya ce alhamdu lillahi ba a yi rauni ba. A daren nan sai a share ɗaki a kwanta. Kuskure ne. Wanda ya shaƙi hayaƙi yana iya yini lafiya, maƙogwaro ya kumbura daga baya, cikin kwana ɗaya ko biyu. Murya ta dishe, majina ta fito da baƙi, gashin hanci ya babbake, numfashi na ƙara? A kai shi asibiti, ko na ƙwararru ko na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Madara da man ja ba sa wanke huhu. Yara, tsofaffi, masu juna biyu da masu asma, su kwana a maƙwabta.

Kunkunniyar da ta rage a bango kuma ba ƙura ba ce. Robar wayar lantarki da ta silin in sun ƙone suna barin asid, da ya haɗu da laima sai ya fara cin ƙarfe. Na ga kayan ɗakin amarya, tukwane da tasoshi jere a kabad, wuta ba ta taɓa su ba, bayan 'yan kwanaki duk sun yi tabo. Haka yake yi wa cikin talabijin da fanka. Kada a kunna komai sai mai gyaran wuta ya bi wayoyin silin ɗaya bayan ɗaya. Bango kuma kada a fara da jiƙaƙƙen tsumma, tura baƙin kake yi cikin filasta. A buɗe tagogi, a sa takunkumi da safar hannu, a kakkaɓe shi a bushe, sannan ruwa da sabulu. Wanda ya yi gaggawar shafa fenti, zafin bazara zai dawo masa da ƙaurin nan.

Daga ɓangaren mata wata baiwar Allah ta tambaya: "Malam, gero da kayan lefe fa, zubarwa za a yi?"

Hajiya, atamfa da shadda a kakkaɓe su, a wanke su daban, ko sau uku ne, a shanya a iska. Turare ba ya kashe ƙauri, rufe shi kawai yake yi. Katifa da filo kuwa sun sha har ciki, a haƙura da su. Abinci ma haka: gari, gero ko shinkafar da ke buhu a ɗakin da hayaƙi ya cika, da maganin da zafi ya taɓa, kada a ba yara. Na san da ciwo a wannan tsadar, Hajiya. Nan ne dangi da maƙwabta za su kawo kwano-kwano.