Bakhtin, Tolstoy da Dostoyevsky: wa ke yanke hukunci a cikin labari?

Masu kallo, barkanmu da warhaka.

A shekarar 1859 marubucin Rasha Leo Tolstoy ya fitar da gajeren labari mai suna "Mutuwa Uku". Wata matar attajiri ce tarin fuka ya ci ƙarfinta, tana tafe a keken doki, tana nacin a kai ta ƙasar waje neman lafiya. A masaukin da suka yada zango, wani tsohon matuƙin keke yana kwance a saman murhun nan na Rashawa da ake kwana a kai saboda sanyi, yana jiran ajali. Saurayin da ke tuƙa matar ya roƙe shi sababbin takalmansa, tunda ba zai ƙara taka ƙasa da su ba. Tsohon ya ba shi, da sharaɗin ya saya masa dutsen kabari. Dutse bai samu ba, sai saurayin ya shiga daji da asuba ya sare bishiya don ya kafa gicciye a kan kabarin. Faɗuwar bishiyar ce mutuwa ta uku.

Masanin adabi Mikhail Bakhtin ya ɗauki wannan labarin ya ce a duba da kyau. Matar ba ta san da tsohon ba, shi ma bai san halin da take ciki ba. Tolstoy kaɗai ke hangen su ukun daga sama, shi ke auna su, kuma ya riga ya yanke wace mutuwa ta fi tsabta. Murya ɗaya ce ke mulki. Da marubucin Rasha Fyodor Dostoyevsky ne, in ji Bakhtin, sai ya haɗa matar da tsohon fuska da fuska, kowa ya san abin da ake faɗa a kansa, ya mayar da martani.

Shi wannan Bakhtin, an haife shi a 1895. Littafinsa kan Dostoyevsky ya fito a 1929, lokacin gwamnatin Sobiyet ta riga ta kama shi. Aka kora shi Kustanai a Kazakistan, ya zama mai riƙe littafin lissafi. A 1938 aka yanke masa ƙafa saboda ciwon ƙashi. Sai da wasu matasan masana a Mosko suka gano yana raye yana koyarwa a birnin Saransk na Rasha, sannan littafin ya sake fitowa da ƙari a 1963, kuma a wannan bugun ne ya yi nazarin "Mutuwa Uku".

Hujjarsa kan Dostoyevsky ta fara ne daga littafin Dostoyevsky na farko, "Talakawa", na 1846. Jarumin littafin, Makar Devushkin, ƙaramin akawu ne. Aka ba shi aron labarin marubucin Rasha Gogol na wani akawu matalauci da kwat ɗinsa. Makar ya karanta, ya ga kansa a ciki, ransa ya ɓaci: wa ya ba wani izinin leƙa talaucinsa, ya ƙidaya abin da yake ci da abin da yake sawa, ya kammala shi kamar gawa? A wajen Gogol marubuci ne ke siffanta akawu. A nan kuwa akawun ya ji siffar da aka yi masa, ya ce bai yarda ba.

Abin ya kai ƙololuwa a "'Yan'uwa Karamazov" na 1880. Dostoyevsky Kirista ne mai riƙo da addini, amma ya sa wa Ivan Karamazov hujja mai kaifi a baki. Ivan ya jero labaran yara ƙanana da aka azabtar, ya ce in da hawayen yaro ɗaya za a sayi daidaituwar duniya, shi ya mayar wa Allah da tikitinsa na shiga cikinta. Marubucin bai rage wa hujjar ƙarfi ba ko kaɗan. Amsar da ya bayar ta zo ne ta bakin dattijo Zosima, wani malamin addini a cikin littafin, murya ce kusa da murya, ba alƙali ba. Wannan ne Bakhtin ya kira labari mai muryoyi da yawa, kowace da 'yancinta.

Har wuraren da abubuwa ke faruwa sun bambanta. Mutanen Tolstoy suna girma, su yi aure, su tsufa a cikin gidajen gado. Na Dostoyevsky kuwa kullum suna bakin ƙofa, kan matakala ko tsakiyar titi, inda minti ɗaya kan juya rayuwar mutum.

A ganina dai Bakhtin ya ɗan matsa wa Tolstoy. Duk wanda ya karanta "Anna Karenina" ya san Anna ta fi ƙarfin hukuncin da aka shirya mata. Kuma Dostoyevsky bai saki linzami gaba ɗaya ba: Ivan ya ƙare da zazzaɓin ƙwaƙwalwa, Raskolnikov na "Laifi da Hukunci" ya ƙare a kurkukun Saibiriya da Linjila a ƙarƙashin matashinsa. Bakhtin da kansa ya amince cewa a rufewar labarin Raskolnikov murya ɗaya ce ta yi magana, ta marubucin.