Darasi: Daidaita Injin Zinariya da Ƙasa Kafin Ka Fara Shara

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da asuba. Ƙanena, ɗan matso da wayar, iska na kaɗawa, kar murya ta ɓace. Yawwa.

Yau mun fito bayan garin Agadas, cikin wani busasshen kwari, kuma na zaɓi wurin nan da gangan saboda ƙasarsa ja ce, ga baƙin tsakuwa ko'ina. Irin ƙasar da ke sa inji hauka ke nan. Injin da ke hannuna, na gano zinariya a cikin ƙasa, GPX 5000 ne na kamfanin Minelab, na Ostiraliya. Ba zan tsaya haɗa sanda da ɗaura batir ba, duk wanda ya mallaki wannan ya san su. Abu ɗaya kawai, wayar faranti, wato faifan nan na ƙarshen sanda da ke shafar ƙasa, a naɗe ta tsam a jikin sanda. In tana lilo, kowane motsi sai inji ya yi kuka, kai kuma ka yi ta haƙa banza.

To, na kunna. Af, tsaya. Agogona. Kun gani, ni da nake koyarwa ma na manta. Agogo, zobe, makulli, takalmi mai ƙarfe a baki, duk a cire. Wayar salula ma ta yi nesa. Kai ma ƙanena ja baya kamar taku biyar, ka jawo hoton daga can.

Da farko ka ɗaga faranti zuwa ƙugu, ka riƙe shi cik, ka danna maɓallin Auto Tune. Zai ɗauki kamar minti ɗaya yana neman layin da ba hayaniya. Kar ka motsa. Ni nakan jingina sandar a kan dutse ko bayan mota, don hannu na gajiya. In ku biyu ne da inji biyu, ɗaya ya gama nasa ya bar shi a kunne, sannan ɗayan ya yi, in ba haka ba sai su yi ta shiga junansu. Ya yi ƙara uku, ya gama.

Yanzu wannan siririn sautin da kuke ji, ni kukan sauro nake ce masa. Ga abin murɗa shi nan a gaban injin. Yara da yawa suna kashe shi gaba ɗaya wai yana damun kunne. Wallahi kuskure ne babba. Zinariya mai zurfi ba ta ihu, ɗan lanƙwasa kukan sauron nan kawai take yi, ya ɗan hau ya sauka. In ka kashe shi, me za ta lanƙwasa? Ka bar shi daidai inda kunne ke kama shi, bai katse ba kuma bai cika ba.

Faranti iri-iri ne, akwai mono akwai DD. Na yau mono ne, don haka wannan makunnin ya koma kan Mono. Ku tuna, da mono injin ba ya ware maka baƙin ƙarfe, sai da faranti mai DD. Ni dai na fi son mono, komai ya yi ƙara in haƙa.

To ga inda nake so ku buɗe kunne, don nan ne na sha wahala wata da watanni. Ƙasa kanta tana da ƙarfe a ciki, wannan jan launin tsatsar ƙarfe ce. Dole ka koya wa inji cewa wannan ƙasa ce, ya yi shiru a kanta. Ka sami wuri mai tsabta, ka share shi da faranti ka tabbatar babu komai. Makunnin daidaita ƙasa a kan Fixed, wato inda injin ba ya sauya daidaiton da kansa. Ka danna koren maɓallin nan na mariƙi, ka riƙe shi, sai ka riƙa ɗaga faranti kana saukewa. Ba sama sosai ba. Daga yatsa biyu zuwa kamar faɗin tafin hannu, santimita 10 ke nan. A kwance yake hawa, a kwance yake sauka, kuma kar ya bugi ƙasa. Ku saurara. Wuu, wuu, wuu... kun ji yana raguwa? Ga shi ya kwanta. Sai yanzu zan saki maɓallin. A'a, na yi gaggawa, har yanzu akwai ɗan nishi in na sauke. Bari in sake. Danna, riƙe, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Yawwa, yanzu hawa da sauka duk murya ɗaya ce.

Kuma wannan ba sau ɗaya ake yi a wuni ba. Ka bar jar ƙasa ka shiga farar ƙasa, ka sake. Ka hau tudu, ka sake. Ni ko ba komai, bayan 'yan taku sai in ɗaga in sauke in ji ko yana nan daidai.

Za ku ce to me ya hana a bar shi a Tracking, ya riƙa daidaita kansa? Ana yi, musamman inda ƙasa ke sauyawa kowane taku. Amma ga abin da ya same ni. Lokacin da aka buɗe filin zinariya na Jado, can arewacin Nijar, a 2014, duk garin nan ya tashi, mota bayan mota, ni ma sha'awa ta ja ni na bi wani ɗan uwana. Na ji wata 'yar murya siririya a gindin dutse, na yi ta kai da komo da faranti a kanta, sau goma, sau ashirin, ina son in tabbatar. A hankali sai ta ɓace. Na ce ƙasa ce, na wuce. Ashe injin ne ya ɗauke ta a matsayin ƙasa ya haɗiye ta, tunda ina ta maimaita masa. Ɗan uwan nawa ya biyo bayana da nasa, ya haƙa wurin, ya fito da 'yar zinariya kamar ƙwayar wake. Har yau in na tuna sai in ji abin a ƙirjina. Don haka in kana Tracking ka ji wani abu, maza ka mayar Fixed kafin ka ci gaba da dubawa.

Mu yi shara. Faranti a ƙasa, yana shafar tsakuwa. Kar ya tashi a ƙarshen hannu kamar mai shara da tsintsiya. A hankali, kowane layi ya hau rabin na baya. Shafar nan tana cin gindin faranti, shi ya sa nake sa masa marufi.  Kuma don Allah masu sayen inji a kasuwa, jabun GPX sun yi yawa, kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya. Ku zo da wanda ya sani, a gwada da 'yar zinariya a binne kafin ku ƙirga kuɗi. A can Ostiraliya abin nan nishaɗin ƙarshen mako ne, mutum ya yanki takardar izini ya fita daji. A 1980 wani ya tono dunƙule mai nauyin kilo 27 da inji a Kingower, jihar Biktoriya, kuma zurfinsa bai fi ƙafa ɗaya ba. Mu ma a nan ku nemi izini, kar ku shiga filin da aka ba wani ko wanda hukuma ta rufe.

Tsaya. Kun ji? Bari in juya in bi ta ɗaya gefen. Yana nan ta ko'ina. To sai in kankare saman da ƙafa, kamar yatsa uku. In dutse mai ƙarfe ne ko ƙasa, muryar takan watse ko ta bi tsakuwar da na ture. In abu ne na gaske a ƙasa, sai ta ƙaru. Ta ƙaru. Miƙo min diga, sannan ka koma da ita can nesa.

Ramin ya yi shiru, ke nan abin yana cikin tulin nan. Ludayin roba nake ɗiba da shi, in wuce da shi saman faranti. Babu. Babu. Ga shi nan. Sai in raba biyu, rabi a hannu rabi a ludayi. Yana hannu. In sake rabawa. Matso da wayar sosai... kan ƙusa ne, na takalmi, ya yi tsatsa. Madalla, inji yana ji ke nan. Wannan aljihu zai shiga don kar in sake haƙa shi gobe. Ƙanena, tura ƙasar nan ka cike ramin, raƙuma na bi ta nan da dare. Ni kuma bari in sake daidaitawa, ƙasar gaban nan ta fi duhu.